Kebul ɗin da ke bayan kabad

Litinin, 4 ga Agusta

Umma ta ce ba zan zauna a gida ina kallon silin ba har a buɗe sakandare, don haka daga yau ina bin Yaya wurin aikinta. Ƙaramin asibiti ne, ita ke kula da kwamfutocinsu. Wata biyu ke nan da ɗaukarta, har yanzu gwada ta ake yi. Tun a mota nake fargabar mutanen da zan gaisar. Ashe ɗakinta can ƙarshen baranda yake, ba taga, ba kowa, sai sanyi da ƙarar fanka. Alhamdulillahi. Mutum biyu kawai na gaisar.

Talata, 5 ga Agusta

Akwai akwatin ƙarfe a bango, suwic sunansa. Ramuka ashirin da huɗu, kowane rami da kebul ɗinsa da ya tafi wani ɗaki. Yaya ta ce duk hirar da kwamfutocin asibitin ke yi da juna ta cikinsa take bi. Fitilunsa kore sai ƙifta ido suke. Aikina rubuta lamba in manna a kebul. Ina so. Kebul ba ya tambayar mutum ajinsa nawa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Yau Yaya ta sa wa suwic sabuwar manhaja. Wai tsohuwar kan sa shi ya kashe kansa ya kunna ba dalili, masu ƙera shi sun gyara wannan, sun kuma ƙara masa wasu dabaru. Sai da marasa lafiya suka ragu da yamma ta danna. Fitilu duka suka mutu. Minti uku tana tauna murfin biro, ni ina karanta duk addu'ar da na iya. Suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, numfasa mana, kin fi ni tsorata," ta ce.

Juma'a, 8 ga Agusta

Anti mai kati, wadda ke buɗe wa marasa lafiya fayil, Shiru-shiru take kirana. An tashi aiki, ta riga ta kashe kwamfuta, sai makullinta ya faɗa bayan kabad. Hannuna ne kawai ya shiga. Na ciro mata. A can na taɓo wani ɗan akwati duk ƙura, da kebul ɗaya kansa na lilo a ƙasa. Na ce wannan ficewa ya yi. Na laluba rami na soke shi, ya yi ƙas. Ban gaya wa kowa ba, na dai ji daɗi na gyara abu da kaina.

Litinin, 11 ga Agusta

Kwamfutar ɗakin kati ta ƙi haɗuwa da sauran. Layi har bakin ƙofa, Anti na rubuta kati da hannu tana tsaki. Manaja ya zo ɗakinmu, ni na shige bayan kujera.

"Shekara huɗu ba wanda ya taɓa akwatin nan. Alhamis kika taɓa shi, Juma'a ya yi ta maza, yau ya kwanta."

Yaya ta ce suwic ne da kansa ya rufe rami na sha bakwai, wai ya ga zagaye a ɗakin kati, ita kuma ta duba ba ta ga komai ba. Manaja ya ce to suwic ɗin ƙarya yake mata. Gobe da safe ta mayar da tsohuwar manhaja, in ba haka ba ya nemo wanda ya iya.

Gaskiya na ji sanyi da ba ni ake wa faɗa ba. Allah Ya yafe mini.

A mota na tambaye ta mene ne zagaye. Ta ce idan aka soke kan kebul da wutsiyarsa a akwati ɗaya, saƙo zai fita ta nan ya dawo ta can, ya yi ta yawo yana hayayyafa har ya toshe hanya. Sabuwar manhajar rufe ramin take yi. Tsohuwar ba ta iya ba, asibitin gaba ɗaya ne zai tsaya. "Amma ai babu wani akwati a ɗakin kati," ta ce.

Akwai.

Na buɗe baki a mota, na buɗe a tsakar gida, na buɗe muna wanke-wanke. Ba abin da ya fito.

Talata, 12 ga Agusta

An gama. An gama! Bari in rubuta tun ban manta ba.

Manaja na tsaye a kan Yaya da kofin shayi, ita ta buɗe laftof, ta nemo tsohuwar manhaja. Na san in ta danna komai zai tsaya, har ɗakin magani, kuma ita za a kora. Ban san lokacin da na ce, "Yaya, kar ki danna" ba. Muryar kamar ta akuya.

Manaja ya waigo yana neman mai maganar. "Au, da mutum a nan?"

Na faɗa duka, ina kallon takalminsa. Makulli, kabad, ƙura, ƙas. Yaya ta kama hannuna sai ɗakin kati. Ita da Manaja da mai gadi suka ture kabad. Ga akwatin nan, mutumin da ya riƙe aikin kafin Yaya ne ya ɓoye shi can bai rubuta a ko'ina ba. Ga kebul ɗina, kai da wutsiya a wuri ɗaya. Ta zare shi, ta koma ta buɗe rami na sha bakwai. Kore.

Anti ta tafa hannu. "Shiru-shiru! Ashe gyara kike mana a ɓoye? Injiniya ba albashi!"

Manaja ya daɗe yana kallon akwatin. "Wato da kin mayar da tsohuwar..." Yaya ta ce, "Da har ɗakin likita, ranka ya daɗe." Ya kurɓi shayinsa ya ce a bar sabuwar. Bai ba da haƙuri ba, amma ya ce ta duba bayan kowane kabad a asibitin, ta rubuto masa abin da take bukata.

A baranda ta ja kunnena, ba da ƙarfi ba. "Da jiya kika faɗa ai da na ci abinci." Na fashe da kuka, ita kuma dariya. Ta ce daga yau kebul ɗin da ban san inda wutsiyarsa take ba, ko gaishe ni ya yi kar in amsa.

Laraba, 13 ga Agusta

Umma ba ta sani ba. Yaya ta ce tsakaninmu.

Juma'a, 15 ga Agusta

Mun sami wasu akwatuna biyu a ɓoye, ɗaya a ƙarƙashin teburin likita. Yaya ta tafi amsa kira ta bar ni ina bin kebul da hannu, sai na tarar likitan ya taka shi yana rubutu. Na ce, "Likita, ɗaga ƙafarka." Ya ɗaga, har da cewa yi haƙuri.

Ba wani abu ba ne. Kebul ɗin ne zai lalace.