Duwatsun Gindin Ɗorawa

Zuru,
11 ga Disamba, 2006.

Zuwa ga Yaya Leah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a Jos. Ina roƙon Allah ya ƙara wa Mama sauƙin gwiwarta, ke kuma ya saka miki da alheri, don shekara shida ke nan kina ɗauke da ita ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Mu nan muna lafiya. Rachel ta yi zazzaɓi na kwana uku a watan jiya, amma ta warware, har ta koma yi mini faɗa, wanda shi ne shaidar samun sauƙinta. Destiny ya gama jarrabawa yana jiran sakamako, Keziah kuwa an sa ta cikin mawaƙan Kirsimeti a coci, ta hana mu sakat da waƙa ɗaya tun safe har yamma.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna magana a waya kowace Lahadi. To, Yaya, sati uku ke nan ina yi miki ƙarya. Duk lokacin da kika tambayi aikin gini sai in ce yana tafiya, in yi maza in ce sabis ya ɗauke. Sabis lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya kasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na zauna na rubuta, don takarda ba ta kallon mutum cikin ido. Na yi abin kunyar da ya kusa raba mu da zaman wurin nan gaba ɗaya, kuma kin san alkawarin da na yi wa Mama cewa Ista mai zuwa a ɗakinta za ta yi shi, a ƙasar da aka haife ta.

Kin dai san gonar da na saya bara kusa da Kanya daga hannun Malam Arzika, da na ajiye kakin soja. Ranar da ya zaga da ni iyaka, da muka zo kusurwar gabas inda wata babbar ɗorawa take, ciyawa ta rufe gindinta har ƙugu, sai ya nuna wurin da haɓa, ya ce wannan kam ba sai ya gaya mini ba, tunda ni ɗan gida ne. Maganar nan ta yi mini daɗi ƙwarai. Mutumin da aka haifa a bariki, ya girma a bariki, yarenmu ma gaisuwa kaɗai ya iya, yau ga dattijo na ce masa ɗan gida. Na buga ƙirji na ce haba, ai na sani. A zatona ɗorawar yake nufi, don na ji ana cewa ko an sayar da gona, kalwar itacen ta masu wurin ce. Da na buɗe baki na yi tambaya ɗaya, da duk wannan bai faru ba. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na zaɓi in ɓata da girmana.

Damina ta yi kyau, dawa ta yi zangarniya har maƙwabta na tsayawa kallo. Na zauna da fensir da rula na zana komai kamar mai tsara sansani: ɗaki uku da falo, ɗakin Mama yana fuskantar ɗorawar don ta riƙa shan inuwa, madafi daga baya, sai rumbun laka babba daga gefe. Rumbun ne na gaggawa, don dawa ba ta jiran kowa, kuma da an shiga Disamba shanu za su sauko cin kara. Rachel ta roƙe ni sau biyu in ɗauke ta a babur ta ga inda zan kafa gidan. Na ce mata gini aikin maza ne, ta bari sai ta ga abin mamaki. Abin mamakin kuwa ta gan shi.

Farkon Nuwamba na je ni kaɗai da adda da fartanya na share gindin ɗorawar. Ƙarƙashin ciyawar sai na tarar da wani ɗan tudu, an kewaye shi da duwatsu masu faɗi, goma sha huɗu, kowanne kamar an auna shi. Kin san rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da danshi, ni kuwa ina ta tunanin inda zan samo su. Yaya, har godiya na yi wa Allah a wurin, na ce ga shi ya tanadar mini. A saman tudun akwai wasu tsofaffin tukwane, wata da kai kamar na mutum ya ɗaga fuska sama, wata da kamannin dabba. Na ce wasan yara ne ko tarkacen matsafa, na sa bayan fartanya na farfasa su, na kwashe a baro na zuba a kwazazzabon da ke bayan gonar. Duwatsun kuma na mirgino su ɗaya bayan ɗaya, na jera su inda na zana rumbu, na koma gida ina fito.

Na kira gayya ranar wata Asabar, a haƙo ƙasa a kwaɓa laka, magini ya fara ɗora gindi. Mutane sun amsa da hannu biyu, sun fi ashirin, da Kirista da Musulmi da masu bin na gargajiya, kowa da galmarsa. Rachel ta dafa tuwo da kunu muka ɗauko a mota, ranar ce farkon zuwanta tun bayan shuka. Tana saukowa ta dubi duwatsun, ta dubi gindin ɗorawa, sai ta ajiye tukunyar da ke kanta a hankali ta zauna a ƙasa. Ita a Wasagu ta girma, ba ta buƙaci kowa ya yi mata bayani ba. Mutanen ma suka taru suna kallon duwatsun. Ni ina tsaye da igiyar awo a hannu ina ce musu bismillah, a fara. Ba wanda ya zage ni, kuma da zagin ya fi mini sauƙi. Magini ne ya fara saɓa kayansa, sauran suka bi shi ɗaya ɗaya, aka bar mu da tuwon mutum ashirin. Sai a nan Rachel ta gaya mini, ba tare da ta ɗago kai ba, cewa kabari na tone wa iyaka, tukwanen kuma su ne alamar girman mai shi.

Na yi shekara ashirin da shida a soja, na je Laberiya na dawo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kabarin da ni na sani shi ne irin na Baba a Ibadan, siminti da gicciye da suna a rubuce. Amma wannan ba hujja ba ce, don an ba ni damar tambaya na ƙi. Malam Arzika ya zo daga Ribah washegari, ransa a ɓace, ya ce kabarin ƙanen mahaifinsa ne, wanda a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa ba, kuma ba wanda ya fi shi noma. Ya ce shi kansa Musulmi ne, ba ya yin komai a wurin, amma bai taɓa bari ko akuya ta hau tudun ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce matar mamacin tana nan da rai, Inna Rahmatu, kuma ita ta gina tukwanen nan da hannunta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ce dangi sun bar maganar a hannunta. In ta ce in tashi, gara in tashi, don ba wanda zai taɓa mini laka ko ya amsa gaisuwar uwata a garin.

Kwana huɗu ina sa takalmi ina cirewa. Rachel ce ta tasa ni gaba, ta ce girman kai rawanin tsiya ne, kuma na riga na naɗa shi ya isa. Muka sami tsohuwar a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa, 'yar ƙarama, hannuwanta suna rawa. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi ban rage ba, Rachel tana juya mata da yarenmu, wanda shi ma wata kunyar ce. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Daga baya ta tambayi ko ni ɗan wane ne, da na faɗi sunan Mama da ƙauyensu sai ta gyaɗa kai. Ba ta yi maganar tara ba, ba ta yi maganar akuya ba, tambayarta ɗaya ce, ina na zuba su. Na ce zan nemo wadda za ta gina sababbi ko daga ina ne. Ta ce babu, masu yi sun mutu, 'ya'yanta mata kuma coci da masallaci sun ɗauke su tun ba su koya ba, nata hannun kuwa ga shi ina gani.

Ta ɗauki sandarta muka tafi kwazazzabon, tafiyar da ba ta kai minti goma ba ta ci mana kusan awa. Na sauka ina tsinto gutsattsarin ina miƙa mata, tana share kowanne da bakin zanenta tana sawa a ƙwarya. Da na miƙo wani ɓangare mai baki da hanci sai ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ni kuma na juya baya na yi kamar ina neman saura. Bayan nan na mirgina duwatsun na mai da su, tana zaune a gindin ɗorawa tana nuna mini mazaunin kowanne da sanda. Sau uku tana sa ni in canja, don ta san su ɗaya ɗaya. Yini biyu muka yi a kan aikin. Mutanen gari suna wucewa ta hanya suna kallon tsohon saje yana tura dutse, ban kuma ce kowa ya taya ni ba.

Da muka gama na tsaya gabanta ina jiran hukunci. A raina na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa Mama cewa ba zuwa gida. Ta tambayi inda zan zuba dawata, tunda lokacin ginin rumbu ya ƙure. Na ce ban sani ba, wataƙila in sayar da ita a gona. Sai ta ce in biyo ta. A bayan ɗakinta akwai wani babban rumbu da sabuwar jinka. Ashe na mijinta ne, tun rasuwarsa ba a zuba masa ko zangarniya ɗaya ba, amma kowace shekara sai ta sa an yaɓe shi an sake masa jinka. Wannan karon ba ta bi ta bakin Rachel ba, da 'yar Hausarta ta ce mini: “Kai ka kwashe mai duwatsu, kai ka maishe su. Yanzu ka cika mai rumbu, in ga dawa cikinai kahin in mutu.”

Yaya, na yi kuka a gaban mata biyu, ban kuma ɓoye ba. Da duka ta sa aka yi mini, da na tashi na karkaɗe rigata na ce mun yi daidai. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba. Washegari magini ya zo da kansa ya gaishe ni, ya ce bayan Kirsimeti za a fara buga tubali. Na yaga zanen farko. Gidan zai koma yamma da nisan taku sittin, kusurwar gabas kuma zan kewaye ta in bar wa masu ita hanya. Ɗakin Mama ba zai sami inuwar ɗorawa ba, sai dai in dasa mata mangwaro, kuma ban da tabbacin za a yi rufi kafin Ista, amma wurin namu ne, za a kuma amsa mata gaisuwa.

Roƙona gare ki shi ne ki karanta wa Mama takardar nan duka. Na san halinki, za ki tsallake inda na fasa tukwane don ki rufa wa ƙanenki asiri, kamar yadda kika saba tun muna yara. Kada ki tsallake. Gara ta ji daga gare ni da ta zo ta ji a bakin rijiya. In ta yi faɗa ki bar ta ta yi, ki kuma tambaye ta duk abin da ya kamata ɗan ƙasar nan ya sani wanda ban sani ba, ki rubuto mini, ko da cika littafi ne.

Ki gaishe mini da maigida Aaron, ki ce masa ina nan ina jiran dariyarsa. Ki gai da Praise da Gladys, su yi karatu, su kuma riƙa zama kusa da kakarsu suna tambaya. Rachel da Destiny da Keziah suna gaishe ku baki ɗaya. Mama kuwa ki durƙusa mata a madadina. Ki gaya mata jiya muka fara yankan dawa, na hau na zuba damin farko a rumbun mutumin da na yi wa laifi, matarsa ce kuma ta riƙe mini tsani.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Philip.