Murfin Fadila Ya Rasa Tsibi

Ƙofar Guga, Katsina

Zuwa ga Maman Aminu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ke da maigida da yara kuna lafiya, Allah ya sa haka, amin.

Ni ce Deborah Luka, malamar ajin su Fadila. Salisu ɗan acaɓa da ke kawo ta makaranta ya ce ya san gidanku a Ƙofar Durɓi, shi ya sa na ba shi wannan takarda.

A zangon nan muna koya musu rarrabe abubuwa, domin yaron da bai iya ware iri da iri ba, ƙirga ma wuya za ta yi masa. Nakan zube musu murafen kwalba da wake da tsakuwa a tabarma, kowa ya yi tsibi-tsibi, ja da ja, manya da manya. Fadila ta fi kowa hanzari, har gyara wa na kusa da ita take yi ko ba su roƙe ta ba.

Makon jiya na ce kowa ya zana da'ira da alli, ya sa murfi a madadin kowane mutum na gidansu. Ita biyu ta zana. A ɗaya ta sa Hajiya kakarta da Baba Abbas, ƙanen mahaifinta. A ɗayar ta sa ke da babanta da Aminu. Nata murfin kuwa ta dunƙule shi a hannu. Da na tambaye ta sai ta ce, "Anti, ni ba ni da tsibi." Tun ranar ba ta ƙara taɓa murfi ba.

Ki yi haƙuri, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ranar da iyaye suka zo ganin aikin yara ta tsaya a gabanki, kika kau da kai kina gyara goyon Aminu. Abin ya tsaya mini a rai.

Ki huta lafiya.
Malama Deborah

Ƙofar Durɓi, Katsina

Malama Deborah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ya aiki, ya fama da yara? Allah ya saka da alheri.

Na karanta takardarki, na ji zafi, amma ban ga laifinki ba. Yarinyar nan ɗiyar fari ce. Mu a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki gaban mutane, kunya ce. Ana yaye ta Hajiya ta ɗauke ta riƙo zuwa Ƙofar Sauri, kuma wallahi ba ta rage ta da komai ba. Ni ma innata har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai dai ni gida ɗaya muke da ita, in an raba nama ina ganin wanda ta tura gefena. Ita wannan ba ta da inda za ta gani.

Ga abin da ba ki sani ba. An yi wa Abbas canjin wurin aiki zuwa Funtuwa. Bayan Sallah Hajiya za ta bi shi, kuma da yarinyar za ta tafi. Malam, babanta, ya ce shi ba zai iya tunkarar mahaifiyarsa da maganar ba. Ni kuma in na buɗe baki, dangi za su ce Rabi ba ta da ta ido, ta rasa wanda za ta yi wa ƙulafuci sai ɗiyar fari.

Ba na son ta tafi da wannan murfin a hannu, Malama. Ku da kuka yi karatun koyar da yara, ya ake yi da abin da ya rasa tsibi?

Na gode ƙwarai.
Maman Aminu

Ƙofar Guga, Katsina

Maman Aminu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na daɗe a Katsina har tuwon dawa ya fi kama mini ciki a kan acca ta garinmu, amma ashe da sauran karatu a gabana.

Tambayarki ta sa na jawo darasin da na ajiye sai zango mai zuwa. Na shimfiɗa igiya biyu a ƙasa, na yi da'ira biyu, gefen wannan ya hau kan waccan. Nan ta jajaye, nan ta manya. Sai na ɗaga murfin jarka, babba ne kuma ja, na ce ina gidansa? Aji ya kaure da gardama, wani har da kuka. Fadila ce ta taso daga bayan aji, ta karɓe shi ta ajiye a tsakiya, inda igiyoyin suka haɗu.

Bayan an tashi na sake zana mata gidajen nan biyu haka, na nuna mata tsakiyar. Ta daɗe tana kallo. Kin san a ajina akwai doka, duk wanda zai sa abu a tsibi sai an faɗi dalili da baki. To da dokata ta kama ni. Ta ce, "Hajiya ta ce ni tata ce. Mama ba ta ce ba."

Ni dai ba zan ara miki baki ba. Ranar Alhamis iyaye mata kan zo su zauna da mu a tabarma. Ban ce dole ba.

Allah ya ba ki sauƙin al'amarin.
Deborah

Ƙofar Durɓi, Katsina

Malama,

Sallama da gaisuwa.

Jiya na je Ƙofar Sauri. Na durƙusa gaban Hajiya na roƙe ta ta bar mini ita, ko da lokacin makaranta ne kawai, in an yi hutu a kai mata. Ta dube ni ta ce yaran zamani ba su da kunya, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce za ta yi shawara. Ban san abin da za ta yanke ba.

Ko ta tafi ko ta zauna, ranar Alhamis ina tafe. Ki gaya mata ta zo da murfinta.

Taki,
Rabi, Maman Fadila