Tayar Da Anka Ƙona Ranar Kai Amarya

Zuwa ga Shugaban direbobin tasharmu ta Wurno,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Baba, ni ne Umaru na Kwargaba, mijin marigayiya Hadiza.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma direba ne, na san daɗin wasan mota. Ka danne burki, ka ba ta wuta, taya na kuka, hayaƙi ya turnuƙe, mata na guɗa, samari na kiran sunanka. Wallahi a lokacin ji kake babu kamarka. Ranar da munka kai amarya Gandi, ƙanena Bello ya yi wanga wasa har sau uku. Ni da hannuna na yi mashi liƙi. Kai ma kana tsaye kana dariya.

Na farko. Kowa ya san al'adarmu: ba a ƙona sabuwar taya. Ranar biki tsofaffi ake ɗaurawa, in an gama a mayar da masu kyau. Ranar nan anka manto masu kyau gida, rana ta yi, mata na gaggawa, sai anka ce a lallaɓa. Bello ya ɗauki 'yan rakiyar amarya, har da Hadiza, da tayar da waya ta fito mata. Ba su yi nisa ba ta fashe, mota ta wuntsila. Hadiza ko shurawa ba ta yi ba. Ta bar mani ɗiya tana shan nono.

Na biyu. Kun zo gaisuwa, kun ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma makon jiya, a bakin tasha, na ga an sake wasan, anka kuma loda mata cikin motar. Haba Baba! Mi kuke jira?

Roƙona guda ne. Ban ce a hana samari wasansu ba, na san ba su ji. A kafa doka: motar da ta yi wasa kada ta ɗauki ko mutum guda sai an sauya taya gaban shaidu.

Mutane na cewa in kai ƙara. In kai wa? Bello ƙafa guda ta rage mashi, gida guda muke kwana, ni ke kama shi zuwa masallaci. Har yau bai iya ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma haka.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da binne naka saboda tafi da guɗa.

Wassalam,
Umaru Kwargaba