Na Fesa wa Mangwaro Farar Wuta, an Zargi Wata

Anti Aziza,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin kwana shida ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, ko a ofis ba na iya tsai da hankalina a kan takarda.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, a Kawo muke zaune da maigidana da yara uku. A bayan gidanmu akwai mangwaro mai aure, jikin katangar da ta raba mu da maƙwabtanmu. Shekara goma sha tara muna tare da su. Mutanen Zonkwa ne, Kiristoci, kuma su kaɗai suka rage a layinmu, sauran duk sun sayar sun koma ƙetaren kogi. Matar gidan Maman Grace muke ce mata, malamar firamare ce. Ita ta kai ni asibiti a haihuwata ta biyu. Shi kansa mangwaron mijinta ne ya kawo mana dashensa a leda daga garinsu, shi ya sa duk shekara kwandon farko gidansu yake zuwa.

Bara bishiyar ta yi fure kamar rassan za su karye, sai wani farin abu kamar toka ya lulluɓe furen, daga baya ya yi baƙi ya kakkaɓe. Ko kwano ɗaya ba mu samu ba. Na ɗauka tokar murhun Maman Grace ce, don a gindin katangar take hura itace idan za ta dafa wake. Har na yi mata magana. Ta matsar da murhun, amma na san ta ji ciwon abin. Bana farin abin ya dawo, alhali babu murhu a wurin. Wani abokin aikina da ya karanci aikin gona ya duba hoton a wayata, ya ce cuta ce dangin fumfuna, kuma maganinta farar wuta irin ta feshi. Na sayo a wajen masu maganin gona kusa da Babbar Kasuwa, na ari tankin feshi na goyo.

Mai shagon ya ce kada in fesa da rana, zafi zai sa maganin ya ƙone ganye. Sai na fesa ranar Asabar da ta wuce, ina idar da sallar asuba. Ban gaya wa Maman Grace ba. Gaskiya kunya ce ta hana ni, don idan na gaya mata, dole in amsa cewa bara murhunta ba shi da laifi. Bishiyar ta yi tsawo, na ɗaga bakin feshin sama sosai, ga 'yar iska tana kaɗawa. Na manta cewa rassan da suka tsallaka katanga a kan tagar ɗakin 'yarsu Grace suke. Yarinyar shekararta goma sha huɗu, kuma tana da asma, na sani tun tana ƙarama. Ba a yi awa ɗaya ba na ji an tayar da motarsu da gaggawa. Kwana biyu ta yi a asibiti. Yanzu ta dawo gida, alhamdu lillahi.

Da na kai musu abinci, Maman Grace ta ce ɗakin ya cika da warin farar wuta a safiyar, ta tambaye ni ko mu ma mun ji. Anti, ban san lokacin da na ce a'a ba.

A gidan hayar da ke bayansu akwai wata dattijuwa, Magajiya, mai sayar da turaren wuta da saiwoyi. Kowa ya san akwai farar wuta a kayanta, kuma kin san abin da mutanenmu suke cewa ana yi da ita. Kafin kwana uku zance ya zagaye layi wai wani ne ya sa ta yi wa su Maman Grace turare don su tashi daga unguwar. Baban Grace ya kai ƙara wajen mai gidan hayar, shi kuma ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Jiya na gan ta a bakin famfo, babu mai amsa gaisuwarta. Ita kuma Maman Grace ta gaya mini, da hawaye, cewa sun fara tambayar gida a Sabon Tasha.

Maigidana ya ce in yi shiru. A ganinsa yarinya ta warke, kuma tunda na riga na musa, babu wanda zai yarda cewa mangwaro nake wa magani, za a ce mu ne muke son korarsu. Ya ce mu sare bishiyar, mu nema wa Magajiya wani ɗaki a ɓoye. Ban ce ba shi da hujja ba, garin nan ya ga abubuwa. Ga shi kuma mai shagon ya ce sai an maimaita feshin bayan mako biyu, in ba haka ba na farkon ya tashi a banza. Tankin yana nan na ɓoye shi a bayan buhun masara. In faɗa, ko in bi maganar maigidana? Kuma in sake feshin ko in bari?

Mai Mangwaro, Kawo


'Yar'uwa Mai Mangwaro,

Ki faɗa, kuma ki faɗa yau.

Laifi biyu ne a wasiƙarki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Feshin kuskure ne na rashin sani da rashin tunani. Amsar da kika bai wa Maman Grace ƙarya ce, kuma Magajiya ce take ɗauke da ita a kanta. Duk kwanan da kika ƙara, kin sake yin ƙaryar ne.

Tsoron maigidanki ba na banza ba ne, duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san yadda ƙaramar magana take sauya kama idan ta ratsa tsakanin masallaci da coci. Amma ya duba da kyau. Abin da yake gudu ya riga ya faru: maƙwabtanku sun yarda ana son korarsu, har sun fara neman gida. Shirunku ne yake raya wannan zancen. Ɗakin da za ku nema wa Magajiya a ɓoye ba zai wanke sunanta ba, ba kuma zai kwantar wa Maman Grace da hankali ba. Sare bishiyar a wannan makon kuwa tambaya kawai zai jawo.

Ku je gidan su Maman Grace tare da maigidanki, da rana, lokacin da mata da miji suke gida. Ki riƙe ledar maganin, da tankin, da reshen fure ɗaya mai cutar, domin abin da ido ya gani ya fi saurin kashe jita-jita. Ki fara daga maganar murhun bara, tunda daga can kunyar ta samo asali. Kada ki kare kanki da cewa ba ki yi da niyya ba, su za su gane hakan da kansu. Ki bar musu ledar su nuna wa likitan Grace. Ba zan iya tabbatar miki feshin ne ya tayar da ciwon ba, wannan aikin likita ne, amma sananne ne cewa farar wuta tana fusata hanyar numfashi, kuma likitan yana bukatar sanin abin da yarinyar ta shaƙa. Wataƙila su yi fushi. Suna da haƙƙi, kada ki nemi yafiya ta fito a ranar.

Daga nan ki roƙi Baban Grace ya raka ku wajen mai gidan hayar a janye wa'adin. Ita kuma Magajiya, a bainar jama'a aka ɓata ta, don haka a bainar jama'a za ki ba ta haƙuri, ko a bakin famfon nan ne.

Batun bishiya kuma, kada ki fesa ranar Asabar. Abokin aikinki ya yi daidai game da cutar, amma farar wuta kariya take bayarwa, ba ta dawo da furen da ya riga ya yi baƙi. Lokacinta shi ne sa'ad da zangarniyar fure ta fara leƙowa kafin ta buɗe, a maimaita bisa awo da tazarar da aka rubuta a jikin leda, a dakata idan fure ya buɗe gaba ɗaya. Ba a fesawa cikin zafi, ba a fesawa idan akwai iska ko kaɗan, kuma mai feshin ya rufe hanci da ido. Ta shagon maganin gona ake amfani da ita, ba dunƙulen kasuwa ba, kuma ba a ƙona ta. A gidanki akwai ƙarin sharaɗi: tagar mai asma tana ƙarƙashin rassan. Baɗi sai da yardar iyayenta, a ranar da ba ta gida, tagogi a rufe, an kwashe shanya. Idan suka ce a'a, magana ta ƙare.

Akwai abin da za ki yi ba tare da feshi ba. Ki share furen da ya zuba ki binne. Bayan kakar mangwaro a rage wa bishiyar tsawo, a buɗe tsakiyarta iska da rana su shiga, a cire rassan da ke kan tagar. Hakan yana rage cutar, kuma gajeriyar bishiya ba ta bukatar a ɗaga bakin feshi sama.

Mai yiwuwa amfanin bana ya tafi. Ki haƙura da shi. Idan kuma wani abu ya tsira, ko guda goma ne, bana kwandon farko na Magajiya ne, kuma ki roƙi Maman Grace ta raka ki kai mata.

Allah ya ƙara wa Grace lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofar nan, ya bar ku a layi ɗaya.

Anti Aziza