Ɗigon Jan Farce a Gilashi

Dar Salam, Umdurman

Zuwa ga jikata Hadil, a Kalakla.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ki da jego. Yaya jaririya, yaya ruwan zafi? Ki gai da Al'amin, ɓarawon da ya ƙwace mini ke. Habibu direban hafila, motar haya, zai kawo miki takardar nan. Ajami ne, ki daure. Kin san waya ba ta shiga kunnena, boko kuma bai taɓa shiga kaina ba.

Kwamfutar da kika ba ni don in riƙa ɗaukar muryar tsofaffinmu ta ci amanata. Da can in na kunna ta, tagar ɗaukar murya a kusurwar dama take fitowa, maɓallinta daidai ƙarƙashin ɗigon jan farcen da na sa a gilashi. In kai kibiya kan ɗigo, in danna, shi ke nan. Ba ruwana da rubutunku.

Jiya Hajja Laraba ta aiko a kira ni. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa da ƙafa, kuma kin san tun yaushe nake roƙon ta ta ba ni labarin hanya tana ƙi. Yanzu ciwo ya kwantar da ita. Ta kori kowa daga ɗaki, ta ce, "Muntari, kunna abin naka." Na kai kibiya kan ɗigo, na danna. Ta yi magana daga azahar har rana ta yi ja. Na dawo gida na ce gwaggonki Kubra ta sa mu ji, ta duba ta ce, "Baba, ai babu komai."

Ashe taga ta gusa, idona bai gani ba. Na kashe na kunna, na kashe na kunna: nan tsakiya, nan hagu, kamar akuyar da ta tsinke turke. Kin ce kin sabunta ta kafin ki haihu. Wa ya ce miki ta tsufa? Ki maido mini da ta da. Laraba ba ta da kwanan jira.

Na gaji, Hadil. Allah Ya raya abin da aka samu.

Kakanki, Muntari

*

Kalakla, Khartum

Ya jiddi, tsohon mijina mai rigima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Yarinya ta ɗauko hancinka, Allah Ya ba ta haƙuri.

Na karanta takardarka na yi kuka. Bari in gaya maka yadda abin yake. A cikin kwamfuta akwai wani tsari da ke shimfiɗa duk abin da kake gani a gilashi. Tsohon, X11, yana barin kowace taga ta zaɓi wurin zamanta. Sabon, Wayland, ba ya bari, shi ke zaunar da kowa kamar mai gida da baƙi. Yana da amfaninsa wallahi. Ka tuna yadda hoton mutum ke yagewa biyu in ya motsa? Ya daina. Kuma wata manhaja ba ta iya leƙen abin da wata ke yi. Masu gina shi da yawansu don Allah suke yi, ba su karɓi ko fam ɗaya a wurinmu ba. Yawancin mutane ba su ma lura an sauya ba. Ni ce ban tuna da ɗigonka ba.

Maido na da ba zai yiwu da sauƙi ba, a wannan fitowar sun cire shi. Na gwada shiga kwamfutarka daga nan yadda na saba, sabon ya ce sai wani a wurinka ya karanta tambaya ya yarda, ga kuma shabaka, wato intanet, tana zuwa tana tafiya. Ni kuma Mama ta rantse ba zan taka gadar Umdurman ba sai na yi arba'in.

Al'amin zai zo ranar Juma'a. Zai sa tagar ta cika gilashin gaba ɗaya, ta rasa inda za ta gusa. Sai ka sake ɗigo. Ka gaishe mini da Hajja, ka ce ta jira mu.

Taka, Hadil

*

Dar Salam

Hadil, sallama da gaisuwa. Hancina ya fi na ubanta, ki gode Allah.

Kin ce mai gida ke zaunar da baƙo. To mai gidan kirki yana tuna inda baƙonsa ya zauna jiya. Mu da yaƙi ya tayar daga Kalakla mun san abin da ake ji in aka ce zauna duk inda ka samu. Ki gaya wa masu aikin don Allah na gode, amma su sani akwai mai gane abu da wurinsa, ba da sunansa ba.

Mijinki ya zo, ya gyara. Taga ta cika gilashi, ta zauna daram. Na kankare tsohon ɗigo da reza, na sa sabo. Hoton ma ya fi kyau, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na koma wurin Laraba. Na sunkuyar da kai na gaya mata abin da ya faru, ta ce, "Kai da ƙarfenka duk kun tsufa." Ta yarda ta sake. Amma wannan karon ɗanta Salahuddin ya zo daga kasuwar Suk al-Shabi ya zauna bakin gado, ya ƙi tashi. Ta ba da labarin jakuna, da rijiyoyi, da noman ƙodago a gonakin hanya. Duk ya shiga, Kubra ta duba.

Sai dai ba shi ne labarin ranar farko ba. Ranar farko ta ce tana da ƙane. Guzuri ya ƙare musu a garin Jinaina, ubansu ya bar yaron a hannun wani mai gona, ya karɓi hatsi, da niyyar in sun dawo daga Makka su ɗauke shi. Ba su kai Makka ba, ba su koma ba. Ta faɗi sunan yaron, ta faɗi sunan mai gonar, ta ce wataƙila yana da zuriya. Yanzu da ta iso Jinaina a labari, ta dubi Salahuddin, ta dube ni, ta tsallake. Na ce, "Hajja, ba ki manta wani abu ba?" Salahuddin ya ce, "Ya hajj, ka bar ta ta huta." Ta juya fuska bango.

Zan koma in ya tafi kasuwa. Ki yi mana addu'a.

Muntari

*

Kalakla

Ya jiddi,

Habibu ya gaya mini tun kafin ya sauko daga mota. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Hajja. Ka samu ka koma kuwa?

In ba ka samu ba, ka yi tunani kafin ka yi wani abu. Ita ce ta tsallake da bakinta. Salahuddin ba zai so a ce kakansa ya ba da ɗa don hatsi ba, kuma kuna unguwa ɗaya. Ka ci abinci, don Allah.

Hadil

*

Dar Salam

Hadil, mun gode da ta'aziyya.

Ban samu na koma ba. Na yi tunanin da kika ce. Ranar da ta faɗi sunan, ta ga na danna, ta ɗauka ƙarfen yana ji. Ba ni ta gaya wa ba.

Yau bayan sadakar uku na zauna gaban gilashi. Taga tana wurinta. Na kai kibiya kan ɗigo, na kira Kubra ta tabbatar, sannan na faɗi duka yadda na ji. Muryar ba tata ba ce, ita ce dai ta rage. Sunan yaron Alu.

In Salahuddin ya zo da faɗa, ya san ƙofata. Ke kuma kada ki sake sabunta mini komai sai na mutu.

Ki shafa mini kan yarinya. Wassalam.

Kakanki, Muntari