Kalma ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 23 ga Satumba, 2024, ƙarfe 10:40 na safe

A ofishin hedimasta nake rubutu. Yau na fara aiki a wannan firamare ta bayan Paki, wata uku da gama digiri. Aji biyu, yara 38. An ba ni littafin wanda na gada, Malam Ɗan'azumi, da ya rasu a zangon da ya wuce, yana koyar da su a aji ɗaya. Kalmomin aiki ashirin na Turanci ya jera. Ba ya fassarawa, sai ya faɗi kalma ya aikata, yara su kwaikwaya. Na bi hanyarsa. "Sit", suka zauna. "Jump", suka yi tsalle. "Clap", tafi har da ihu. Sha uku, babu kuskure.

Ta sha huɗu "climb" ce, wato hawa. Ina faɗa, dukansu suka dafe ƙirji da hannun dama. Taku biyu da baya. Suka sulale ƙasa, kunci a kan siminti, ido a buɗe. Babu mai dariya.

Na ce "stand". Na ce ku tashi, da Hausa. Ko motsi. Minti goma sha ɗaya a wayata, sannan suka miƙe suna kakkaɓe riga.

Talata, 24 ga Satumba

Na sake. Minti sha ɗaya cif. Ƙafar kowa ta hagu tana shurawa sau uku, jiya ban lura ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Hedimasta, Malam Safiyanu, ya ce, "Malama, ki tsallake ta mana. Kalma ɗaya ce fa." Na ce ba na tsallake abin da ban gane ba. Ya daɗe yana juya alli a hannu.

Sannan ya ce a kan wannan kalmar zuciyar Malam Ɗan'azumi ta buga, ya faɗi. Yara suka zaci darasi ne, suka yi yadda ya yi. "Na wuce ta taga na gan su kwance," in ji shi. "Na ce, kai, Ɗan'azumi da wasanninsa. Na tafi na dawo."

A cikin ajin ya rasu, amma an gaya wa yara a asibiti ya cika. 'Yarsa Lantana tana ajin. Shekara bakwai, layin gaba, mai giɓi.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na tsaya a sha uku. Suka zuba mini ido. Wani yaro, Bilya, ya ce, "Malama, kin manta ɗaya."

Juma'a, 27 ga Satumba

Na je gaisuwa wurin mahaifiyar Lantana, Halimatusa'adiya. Na same ta tana ɓare masara. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, sannan na kawo maganar.

Ashe ta sani. "Kullum sai ta yi mini a tsakar gidan nan. Ta ce, Umma kalli, Baba ne ya koya mana. In juya mata baya, in ce ta iya." Ba ta daina ɓarar masarar ba. "Ƙanwata, don girman Allah ki bar mata. Ran da ta san ba ma'anar ke nan ba, za ta tambayi abin da ya same shi ranar. Tana kwance kusa da shi fa."

Na ce kuskure kuskure ne, wata rana wani zai gyara mata da dariya. Ni na faɗi haka, a gidan mace mai takaba. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na ari tsani. Gobe zan hau a gabansu, in ce "climb", in ce hawa. Sau huɗu na rubuta bayanin, har ya dawo layi biyu. Gara ta ji daga bakin mai tausayi. Haka dai nake gaya wa kaina.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe 1:15 na rana

Na jingina tsani da bango. Muka yi sha uku. Ƙafata na kan matakin farko Lantana ta ɗaga hannu.

"Malama, mene ne climb da Hausa?"

Tun da na zo babu yaron da ya taɓa tambayar fassarar komai.

Na sauke ƙafa. Na ce sai sun shiga aji uku. Na ce tsanin na masu gyaran kwano ne. Ta dube ni, ta ce, "To." Sannan ita da bakinta ta faɗi kalmar, suka dafe ƙirji.

Ban hana ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, don dai ƙafata ta gaji. A rajistar darasi na rubuta ashirin cikin ashirin.

Abin da ban sani ba:

1. Yadda yara 38 marasa agogo suke sanin lokacin tashi.
2. Ko da Malam Safiyanu ya shigo a karon farko, da an cece shi. Ban tambayi likita ba, kuma ba zan tambaya ba.
3. Wa zai koyar da aji uku baɗi.
4. Ko Lantana ta tambaye ni ne don ba ta sani ba, ko don ta ga ko zan faɗa.