Jirgin da Ya Faɗi a Gonar Tiedemann

Juma'a, 8 ga Oktoba, 1943
Jiragen Ingila sun sake wucewa ta kanmu daren jiya, sun nufi babban birni. Wilma, matata, ta ce garinmu ba shi da abin da za a jefa wa bam sai taurin kaina. Na ce to ta riƙa kwana nesa da ni.

Asabar, 9 ga Oktoba
Wilma ta rasu.

Litinin, 11 ga Oktoba
Sai yau na iya riƙe alƙalami. Ina gadi a saman coci lokacin da jiniya ta yi kuka, ita kuma ta sauka ɗakin ƙasa da maƙwabta. Wani jirgi ya taho yana ci da wuta, ya zubar da bama-bamansa a layinmu, ya je ya faɗi a gonar dankalin Tiedemann. Mutum tara muka rasa. Ni kaɗai ne kafinta a garin. Nata akwatin na bari ƙarshe, na daɗe ina goge shi ba dalili.

Talata, 12 ga Oktoba
Su bakwai ne a jirgin. Shida na kwance a rumbun Tiedemann, ɗaya na da rai a ofishin 'yan sanda. Na bi jama'a muka je ganin mai ran. Jan gashi gare shi, hannayensa duk a ƙone, ko gemu bai tsayar ba. Na tofa masa yawu. Bai goge ba, yana ta maimaita wata magana. Malamin makaranta ya ce tambaya yake ko wani cikin abokansa ya fita.

Laraba, 13 ga Oktoba
Fasto Wendt ya zo shago. Wai magajin gari ya ce a zuba gawarwakin 'yan jirgin a buhuna a rufe.
"Alwin, katako ya rage maka?"
"Na mutane ya ƙare, Fasto."
Ya shanye kofin da na dafa masa, ya ce bai taɓa shan mai muni irinsa ba, ya tafi.

Alhamis, 14 ga Oktoba
Mai jan gashin ya mutu da asuba. Ashe 'yata Gesa, da ke aikin jinya, ita ta zauna da shi har ƙarshe, tana ba shi ruwa da cokali. Na ce mata ko ƙasar kabarin uwarta ba ta bushe ba.
Ta ce, "Baba, Jost ɗinmu ma a kan garin wasu ya faɗo. Wa ya rufe shi?"
Shekara biyu ke nan ba a ambaci sunan ɗana a gabana ba, tun da jirginsu ya tafi Ingila bai dawo ba. Na buga teburi. Ta ɗauki rigarta ta fita.

Juma'a, 15 ga Oktoba
Katako dai da gaske babu. Na je kangon gidanmu na ciro ƙofofi da allunan daɓe. Har da ƙofar kicin, mai shatin tsayin yara da Wilma ta riƙa zanawa. Na juya wannan gefen ciki.

Asabar, 16 ga Oktoba
Tiedemann ya leƙo ya ce, "Tsoho, Ingila za ta aiko maka da lambar yabo." Na ce idan ta zo a rataya wa dokinsa. Can sai ga shi da keken dokin, ba wanda ya roƙe shi. Mu huɗu muka rufe su a jikin katangar maƙabarta: ni, shi, Fasto da Gesa. Sunan mai jan gashin Ashworth. Sau biyu na duba haruffan kafin na sassaƙa su a kan gicciyensa.

Lahadi, 24 ga Oktoba
Na kai wa Wilma furanni. Da zan fita na ga gicciyen Ashworth ya karkace, na tsaya na daidaita shi. Ba na son ganin aikina a karkace, shi ke nan. Furannin kuma sun yi wa tulun Wilma yawa, sai na ajiye ragowar a can. Gesa ta gani, ta kau da kai. Gara da ta yi hakan.